Ƙunshin da Ya Riga Wasiƙa Isowa

Da wani ya gaya wa Malam Kalilu mai faci abin da za a miƙo masa a safiyar Talatar nan, da ya rufe rumfarsa ya koma gida tun rana ba ta ɗaga ba. Amma babu wanda ya gaya masa. Yana durƙushe a bakin titin Magama, dab da shingen iyaka, yana danna tub cikin bahon ruwa don ya ga inda iska ke fita, sai wata ƙaramar mota mai lambar Nijar ta tsaya a gabansa.

Direban ya leƙo ta taga. Malam Kalilu bai san fuskarsa ba.

"Kai ne Kalilu mai faci?"

"Ni ne."

"Ga saƙo. An ce kayan soja ne, a ba mahaifinshi hannu da hannu."

"Wa ya ba ka?"

"A Ɗan Isa anka sa min shi cikin kaya. Ni dai an ce mai faci na Magama."

Ya miƙo wani ƙunshi a cikin guntun buhu, an ɗaure shi da igiya, ya ja motarsa ya wuce.

Sojan da ake nufi shi ne Mu'azu, ɗan fari a wurin Malam Kalilu. Wata goma sha huɗu ke nan da aka kai su gabas, can bakin Tafkin Chadi, inda waya ba ta kamawa ko an hau kan bishiya. Da ya ga haka sai ya koma wa takarda da biro kamar mutanen da. Inda suke ya fi kusa da ƙasar Nijar, saboda haka wasiƙunsa ta can suke biyowa. Yakan ba wani mai fataucin tattasai na Difa, shi kuma ya ba wani direban babbar mota mutumin Maraɗi mai suna Ummaru, Ummaru kuma ya sauke ta a rumfar faci idan ya ƙetaro zuwa kasuwar Jibiya. Wasiƙa bakwai suka zo ta wannan hanya, kowace tana warin tattasai har ta sa mutum atishawa, kowace an rubuta a bayanta cewa zuwa ga Mutmainna, matarsa.

Wannan karon ba Ummaru ba ne ya zo. Kuma ba a ce a ba matarsa ba, mahaifinsa aka ce.

Malam Kalilu ya goge hannunsa a jikin wando, ya shiga can cikin rumfa bayan tarin tayoyi, ya kwance igiyar. Agogon hannun Mu'azu ne a sama, gilashin a fashe, ya tsaya a kan ƙarfe huɗu da minti goma. Ga wayarsa, ya danna ya danna, ba ta kawo haske ba. Ga takalminsa na fata, madaurin ɗaya a tsinke. Ga 'yar rediyon da ya tafi da ita. A ƙasan su duka kuwa ga layar da uwarsa ta sa aka ɗinka masa ranar da zai tafi, wadda ya yi mata alkawarin ba zai raba ta da damtsensa ba. Fatar ta yi baƙi, ta dare a gefe.

Ya zazzage buhun. Ya juya shi ciki ya koma waje. Ya duba cikin takalman, ya buɗe bayan rediyon. Babu wasiƙa.

Nan ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya taɓa ganin irin wannan ƙunshi. Shekara biyu da suka wuce ya je gaisuwa Bugaje, gidan Malam Habibu, wanda shi ma ɗansa soja ne. A tsakiyar tabarma aka ajiye abin da abokin yaron ya kawo: agogo da carbi da hula. Ba a yi wa Malam Habibu dogon bayani ba, shi ma bai nema ba. Kowa ya san abin da ake nufi idan kayan jikin mutum suka dawo gida babu mutumin.

Ya mayar da kayan ya ɗaure, ya cusa su cikin wata tayar tirela da ba a zo karɓa ba, ya koma bakin bahonsa. Tub ɗin da ya yi wa faci a ranar sau biyu mai shi yana dawowa da shi.

Da magariba ya koma gida Jibiya. Hasiya, matarsa, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya gutsura sau biyu ya ture kwanon.

"Malam, tuwon ne bai yi ba?"

"Cikina ne."

"Cikinka ko dai kanka?" Ta dube shi, ta rage murya. "An ji wani labari ne na yaron nan?"

A gidan nan babu mai kiran sunan Mu'azu. Uwa da uba suna kunyar ɗan fari, sai su ce yaron nan. Matarsa kuwa Baban Fati take cewa, saboda 'yarsu mai shekara uku. Malam Kalilu bai taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Idan wasiƙa ta zo, miƙa wa Hasiya yake kamar wanda ya kawo gishiri daga kasuwa, sannan ya zauna a gefe yana gyaran fitila ko wani abin da bai lalace ba, kunnensa kuwa yana wurin. Mutmainna ce mai karantawa, don ita ta yi sakandare. Mu'azu yakan fara da abin da ya shafi kowa, sannan ya ja layi a tsakiyar takarda. Daga layin zuwa ƙasa nata ne. Idan ta iso nan sai ta ninke takardar ta soke a haɓar zane, babu mai tambayar ta.

"Ban ji komai ba," in ji Malam Kalilu. Ya gaya wa kansa cewa ba ƙarya ya yi ba, don gani ya yi, ba ji ba.

Washegari da safe zai fita sai ya tarar da Mutmainna zaune a tsakar gida, ƙafafunta ɗaure cikin leda, ta sa lalle. Ana bikin ƙawarta a unguwa ranar Juma'a. Ta yi ƙoƙarin durƙusawa da ledar.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yar nan. Zauna abinki."

Ya fita da sauri. Har ya isa Magama maganar lallen nan ba ta bar zuciyarsa ba. In abin da yake tsoro ya tabbata, yarinyar nan takaba ta hau kanta tun ranar da abin ya faru. Babu lalle, babu turare, babu zuwa biki. Ita ba ta da laifi, tunda ba ta sani ba. Shi da ya sani ya ɓoye fa? To amma me ya sani? Agogo da takalmi ba su yi masa magana ba. In ya je ya ce mata ta cire ado ta zauna, daga baya yaron ya shigo da ƙafarsa, da wane ido zai dube su? In kuma ya yi shiru ta je biki ta yi guɗa alhali mijinta yana ƙarƙashin ƙasa, wannan ma a wuyansa yake.

Ranar nan sau uku yana zaro ƙunshin yana dubawa. Duk motar da ta fito daga wajen Nijar sai ya miƙe ya leƙa. A ƙarshe wani ɗan dako ya ce masa ya ga motar Ummaru a kwance a Ɗan Isa tun Litinin, an sauke kayanta an rarraba wa ƙananan motoci.

Ranar Alhamis da sassafe bai buɗe rumfa ba. Ya zuba kayan facinsa a jaka don kada a yi masa tambaya, ya nufi shinge. Ma'aikatan wurin sun san shi, babu wanda bai taɓa yi wa babur faci ba a cikinsu. Suka ɗaga masa hannu. Ya hau kabu-kabu ya ƙetara zuwa Ɗan Isa, garin da ke tsallaken iyaka.

Ya sami Ummaru kwance a kan tabarma a inuwar motarsa, ƙaton mutum mai dariya kamar ana mirgina ganga. Tayar baya biyu a sace, an tokare motar da duwatsu.

"A'a! Yau ga mutanen ƙaramar Katsina a ƙasarmu!" in ji Ummaru yana tashi. "Kun zo ganin Katsinawan asali ke nan? Allah ne ya kawo ka, masu facin nan garin ko balan-balan ba su iya liƙewa."

Malam Kalilu bai yi dariya ba. Ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

"Ummaru, kai ka aiko min da ƙunshi?"

"Awo, ni ne. Na ga kamyon nan ba ta da niyyar tashi, na ce kada saƙon mutane ya kwana nan. Ya isa ko?"

"Ya isa. Shi kaɗai aka ba ka?"

"Shi da wasi..." Ummaru ya tsaya, ya dafe kai da hannu biyu. "Lahaula! Wasiƙar! Malam Kalilu, wallahi tana cikin takardun mota."

Ya yi bayani yana ta rantsuwa. Kullum a hularsa yake sa wasiƙar sojan. Wannan tafiya kuwa ruwa ya kama su tun daga Damagaram, ga gilashin motar ba ya rufuwa. Sai ya cire ta ya sa a cikin jakar leda inda yake ajiye takardun mota da na kaya, don nan kaɗai ruwa ba ya taɓawa. Da suka iso, kamar yadda aka saba, kaya suka bi hanyar kaya, takarda ta bi hanyar takarda. Ya miƙa jakar gaba ɗayanta ga Idi, mutumin da ke bi wa direbobi takardunsu a ofishin duwan, wato kwastan, bai ko buɗe ba.

"Ina Idin?"

"Ya tahi Maraɗi tun jiya da takardun mutum biyar. Ya ce da azahar yana nan."

"Kai ka ga yaron da idonka?"

"Ni ban taɓa ganin shi ba, ka sani. Mai tattasai ke ba ni."

"Shi kuma wa ya ba shi?"

"Ya ce wani soja."

"Wane soja? Shi, ko wani?"

Sai yanzu Ummaru ya kalli fuskar Malam Kalilu sosai. "Ban tambaya ba," ya ce a hankali. "Mi ke cikin ƙunshin?"

Malam Kalilu ya kwance jakarsa, ya durƙusa gaban tayar farko. Daga hantsi har rana ta take tsaka yana aiki, bai ɗaga kai ba. Ya ciro tub, ya goge, ya shafa gam, ya liƙe, ya gasa. Ummaru ya kawo masa shayi, ya huce a inda aka ajiye shi. Suka yi azahar tare a gefen titi. Bayan sallama Ummaru ya daɗe da hannu a sama, abin da ba halinsa ba ne.

Idi bai iso ba sai wajen ƙarfe uku, siririn mutum da jaka a hammata, yana mitar zafi da jandarmomin hanya. Ummaru bai bar shi ya sauka daga babur ba ya fizge jakar. Tsakanin takardar inshora da ta awon kaya ga ambulan ruwan ƙasa, an buga masa hatimi a kusurwa bisa kuskure.

"Ni na ɗauka rasit ne," in ji Idi.

Malam Kalilu ya karɓa da hannu biyu. Karatunsa na boko bai wuce aji huɗu ba, amma wannan rubutu ko a mafarki ya san shi, manyan baƙaƙe masu jingina baya kamar dawa bayan iska. Zuwa ga Mutmainna, ta hannun Malam Kalilu mai faci, Magama. Ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Bai kai ƙasa ba ya sake hawowa, don ya taɓa jin cewa sojoji sukan rubuta takarda su ba aboki ajiya, su ce in ta faru a kai gida.

"Buɗe mana!" in ji Ummaru.

"Ba tawa ba ce."

"Haba Malam! Ɗanka ne hwa!"

"Matarsa ya rubuta wa."

"To ni ba surukinta ba ne, kawo in buɗe."

Malam Kalilu ya sa ambulan a aljihun gaba, ya dafe da hannu, ya tare kabu-kabu. Har suka ƙetare shinge hannun nan bai sauka ba. Ya tsaya a rumfa ya zaro ƙunshin daga cikin taya, ya wuce gida.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya yi sallama. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da kansa, ya kira Hasiya, ya ce ta kira yarinyar. Kafin Mutmainna ta fito ya kwance igiyar. Hasiya na ganin layar sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da gefen mayafi. Ba ta yi kuka ba, idonta dai ya tsaya a kan fatar nan da ta dare.

Mutmainna ta fito da Fati a bayanta, lallen ya kama jawur a hannu da ƙafa. Ta durƙusa a gefen tabarma, ta gaishe su, sannan idonta ya sauka kan kayan.

"Au, sun iso?" ta ce.

Malam Kalilu ya ɗago kai. "Me ya iso?"

"Kayan gyaran, Baba. Ai ya ce zai aiko." Ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "A wasiƙar baya ya faɗa. Ya ce duk abin da ya tafi da shi ya lalace, can kuma babu mai gyara. Ya ce yana jin nauyin ya aiki Baba kai tsaye, in sun zo in gaya wa Inna, ita ta gaya muku."

"Ni ban ji an karanta wannan ba."

"A ƙasan layi ya sa, Baba."

Malam Kalilu ya zaro ambulan ya miƙa wa Hasiya, Hasiya ta miƙa wa Mutmainna. Ta yage gefe, warin tattasai ya tashi, Fati ta yi atishawa a bayanta. Ta fara karantawa.

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa lafiya kamar yadda nake lafiya a nan. A gaishe da Baba da Inna da kyau da kyau. Ga kayan nan na ba wani abokin aikina da aka aika gari ya ba mai tattasai. Na ce a damƙa wa Baba a rumfa saboda nauyi. Kada Inna ta ga agogo ta ɗaga hankalinta, ba harsashi ba ne, ƙofar mota ce ta datse shi, hannun kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Waya ta faɗa ruwa ranar da muka ratsa fadama. Layar ma ruwan ne ya ci fatarta, na ji tsoron kada abin da ke ciki ya zube, shi ya sa na cire. Inna ta yi haƙuri, ban karya alkawari don raini ba. A kai wa baduku ya sake mata riga, a dawo min da ita. Takalmin kuwa in an ga ba zai gyaru ba a bar wa akuya.

"A nan babu baduku, babu mai agogo, babu mai shayi. Sauro ne kawai, kowane ɗaya ya kai fara girma, kuma ba ya tsoron kaki. Abinci muna samu. Kifi har ya gundure ni, tuwon dawa nake mafarki.

"Ina jin labarin wajenmu a rediyon wani. Don Allah Baba ya daina zuwa gonar Daddara shi kaɗai, in ba dole ba a bar ta bana. Kuna ta yi min addu'a, alhali ku ma a bakin daga kuke. A shafa min kan Fati, a ce mata in ta ƙara cizon mutane zan zo da igwa.

"An ce mu ɗaure kaya, cikin mako mai zuwa za a ɗauke mu daga nan. Ba a faɗi inda za a kai mu ba. In na sami hanya zan rubuto."

Mutmainna ta iso layi. Idonta ya ɗan gangara ƙasa, gefen bakinta ya motsa, ta ninke takardar ta soke a haɓar zane.

Sai a lokacin Hasiya ta saki kukan da ta riƙe, tana yi tana hamdala. Da ta share ido ta juyo kan mijinta.

"Yaushe kayan nan suka zo, Malam?"

"Talata."

"Talata! Kwana biyu kana zaune da wannan a ciki, kana ce min cikinka ne? Kai da tun da na san ka fasasshen abu ake kawo maka ka gyara, aka tara maka fasassu har biyar a buhu ɗaya ba ka gane ba?"

Malam Kalilu ya ɗauki takalmin ya juya shi. Ya ɗauki rediyon, ya ga wayar batir ce kawai ta tsinke, aikin minti biyar. Dariya ta taso masa daga ciki, ta fito da rawa-rawa, har ya dafa ƙasa.

"Kai, Mu'azu ja'iri ne," ya ce.

Hasiya ta zaro ido. Shekara ashirin da tara ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Mutmainna ta tashi da sauri ta shige ɗaki tana danne dariya. Shi kuwa ya yi kamar bai san abin da ya faɗa ba, ya gyara hula.

"Akwai sauran tuwon jiya? A ɗumamo min. Ita kuma ta je bikinta gobe."

Ranar Asabar baduku ya yi wa laya sabuwar riga ta jar fata. Mai agogo na bakin tasha ya sa gilashi, agogon ya tashi. Rediyo da takalmi Malam Kalilu da kansa ya gyara a rumfa. Wayar ce kawai aka ce ta mutu. Ranar Lahadi Ummaru ya ƙetaro kasuwa da motarsa a kan tayoyin da aka yi wa faci, ya karɓi ƙunshin da wasiƙar Mutmainna, ya sa wasiƙar a hula a gaban Malam Kalilu, ya ce ko ruwan Nuhu za a yi ba za ta sake shiga jakar takardu ba.

Da motar ta wuce shinge, Malam Kalilu ya koma bakin bahonsa. Ya riga ya sa Mutmainna ta duba masa kwanan watan da ke saman wasiƙar. An rubuta ta kwana goma sha tara kafin ta iso hannunsu, wato makon da aka ce za a ɗauke su ya daɗe da wucewa. Ranar da Mu'azu ya riƙe biron nan lafiyarsa ƙalau. Inda aka kai shi bayan nan, da ko layar za ta same shi, babu wanda ya sani a gidan har yanzu.